Ɗani Daban, Mallaka Daban: Motar Lantarki da Darasin Ƙasashe

'Yan'uwa ɗalibai, tun daga ranar 29 ga watan Mayu na 2023 da aka janye tallafin man fetur a ƙasar nan, har litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, babu wata magana game da sufuri da ta cika kunnuwanmu kamar ta motar lantarki, watau motar da ba ta shan mai, ba ta hayaƙi, sai dai a jona ta da wuta kamar yadda muke jona wayoyinmu kafin mu kwanta. A ɗakunan kwana da bakin ɗakunan lacca za ka ji ana ta kambama ta, kowa yana ba da labarin wanda ya hau ta a Turai ko a Dubai ya dawo yana cewa zamanin fetur ya ƙare. Mu ba mu musa wa wanda ya hau ba. Abin da muke so mu jawo hankali gare shi shi ne, sanin mota hawa-hawa ne. Akwai sanin wanda aka ba ɗani, akwai na wanda ya yi haya, akwai kuma na wanda ya mallaka. Ɗani yakan nuna maka halin motar kaɗai. Haya takan nuna maka halin hanya. Amma mallaka, ita ce ke tona asirin ƙasar da kake zaune a cikinta, kuma a nan ne maganar ta shafe mu.

Mu fara da ɗani, mu kuma ba motar haƙƙinta. Duk wanda dillali ya miƙa wa makulli ya zaga da ita na minti ashirin, da wuya ya sauko bai yaba ba. Da ka taka totur sai ta zabura nan take, ba jiran canjin giya, ba ƙara, ba karkarwa. In ka ɗaga ƙafa za ka rage gudu, injin da kansa yakan juya ya zama janareto, ya mayar da wani abu daga ƙarfin gudun cikin baturi. Injin fetur yakan zubar da mafi yawan ƙarfin man da ya sha a matsayin zafi ta lagireto da salansa, abin da ke isa ga taya bai cika kai sulusi ba, alhali na lantarki yakan kai fiye da kashi uku cikin huɗu. Ba ta buƙatar baƙin mai, ba ta da fulogi, ba ta da kafireta. Duk wannan gaskiya ne.

Amma fa ba sabon labari ba ne. Motar da ta fara wuce gudun kilomita 100 a awa ɗaya a tarihin duniya, a ƙasar Faransa cikin 1899, ta lantarki ce. A wajajen 1900 kimanin sulusin motocin da ke yawo a Amurka na lantarki ne, mutanen birni kuwa sun fi son su domin ba sai an murɗa su da hannu kafin su tashi ba. To me ya kawar da su? Kamfanin Ford ya fito da motarsa mai arha a 1908, aka ƙago sitata a 1912, fetur ya yi arha, sannan uwa-uba wutar lantarki ba ta isa ƙauyukan Amurka ba, domin har farkon shekarun 1930 gona ɗaya ce kawai cikin goma ke da wuta. Motar ta ci jarrabawar ɗani tun shekaru fiye da ɗari da suka wuce. Jarrabawar da ta faɗi ita ce ta ƙasa.

Sai mu zo ga haya. A watan Oktoba na 2021 kamfanin Hertz, ɗaya daga cikin manyan masu ba da hayar motoci a Amurka, ya ba da sanarwar zai sayi motocin Tesla har 100,000. Duniya ta ɗauka da cewa shi ke nan, magana ta ƙare. Ba a yi shekara biyu da rabi ba, a Janairun 2024, sai ga kamfanin yana shelar zai sayar da kimanin 20,000 daga motocin lantarkinsa, watau wajen sulusinsu, ya koma sayen masu shan mai, kuma cikin watan Maris shugaban kamfanin ya sauka daga muƙaminsa. Dalilan da suka bayar abin nazari ne. Gyaran motar in ta yi karo ya fi tsada. Tesla ta karya farashin sababbin motocinta a 2023, saboda haka darajar na hannu ta faɗi warwas. Masu haya kuma ba su yi rububinta kamar yadda aka zata ba.

In mun duba da kyau, wannan na ƙarshen ba abin mamaki ba ne. Mai haya baƙo ne. Ya sauka daga jirgi a garin da bai sani ba, ba shi da gidan da zai jona mota ta kwana tana shan wuta, dole ya nemi tashar caji ta kasuwa, wadda kowane kamfani ke da nasa tsarin biya, wata ta lalace, wata akwai layi, ga shi kuma wanda ya saba cika tanki cikin minti biyar yanzu sai ya zauna rabin awa ko fiye. A cikin wannan Janairun ne ma sanyi mai tsanani ya sauka a birnin Shikago, motocin lantarki suka yi cirko-cirko a tashoshin caji, domin baturi in ya yi sanyi ƙwarai ba ya karɓar wuta da sauri. Wannan fa a Amurka ke nan, inda ɗauke wuta kan zama labarin jarida. Kayan aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara, amma a nan ya yi amfani guda: ya nuna cewa daɗin motar lantarki yana rataye ne da abin da ke wajen motar.

Mu je ga mallaka, mu fara da ƙasar da ta fi kowa nisa. Norwe ƙasa ce mai mutane kimanin miliyan biyar da rabi, mai tsananin sanyi da duwatsu, mai arzikin mai kamar tamu. Mu an haƙo namu a Oloibiri a 1956, su kuwa sai 1969 suka gano nasu a cikin teku. A 2024, kusan motoci 89 cikin kowace 100 sababbi da aka sayar a can masu aiki da lantarki zalla ne. Wanda bai san tarihin ba sai ya ce ai mutanen Norwe masu son tsabtar iska ne. Wataƙila haka ne, amma abin da ya yi aiki lissafin aljihu ne. Tun 1989 wani mawaƙinsu mai suna Morten Harket da wani ɗan gwagwarmayar kare muhalli, Frederic Hauge, suka shigo da ƙaramar Fiat da aka mayar ta lantarki, suka riƙa yawo da ita a Oslo suna ƙin biyan kuɗin ƙofar titi, ana kama motar ana gwanjonta, suna sake karɓo ta, har gwamnati ta saurara. A 1990 aka yafe wa motar lantarki harajin shigowa, a 1997 aka yafe mata kuɗin ƙofar titi, a 2001 aka cire mata harajin saye na kashi 24 cikin 100, a 2005 aka ba ta izinin bin layin bas a ko'ina cikin ƙasa. A lokaci guda kuma motar fetur tana ɗauke da haraji mai nauyi. Gwamnatoci sun sauya, na dama da na hagu, manufar ba ta sauya ba har tsawon shekara talatin. Ƙarƙashin duk wannan kuwa akwai wuta: kimanin kashi tara cikin goma na lantarkin Norwe daga madatsun ruwa yake fitowa, ga yawa ga arha, kuma mafi yawan masu motar a gida suke caji da dare.

Kada mu manta da ɗaya gefen. Kuɗin da Norwe ta iya yafewa daga man da take sayar wa duniya ya fito, kuma waɗanda suka fi morar rangwamen su ne masu halin sayen sabuwar mota. Su da kansu sun lura da haka, shi ya sa a 2023 suka maido da harajin saye a kan abin da ya haura kurona 500,000 na farashin mota.

Ƙasar Sin ta bi wata hanya dabam, wadda a ganinmu ta fi kusa da halinmu. Shugabanninta sun fahimci cewa ba za su taɓa kamo Jamus da Japan a ƙera injin fetur ba, saboda haka suka zaɓi filin da kowa sabon shiga ne. A 2007 suka naɗa Wan Gang, injiniyan da ya yi shekaru yana aiki da kamfanin Audi a Jamus, ministan kimiyya da fasaha. A 2009 suka ƙaddamar da shirin Birane Goma, Motoci Dubu, kuma abin lura shi ne da bas-bas da tasi da motocin hukuma aka fara, ba da motar mai gida ba. Kafin ƙarshen 2017 birnin Shenzhen ya mayar da dukkan bas ɗinsa, sama da 16,000, na lantarki. Wannan ciniki tabbatacce shi ya raini masana'antun baturi irin su CATL da BYD har suka girma, farashi ya sauko, aka kai ga ƙera ƙaramar mota irin Wuling Mini wadda ta fito a 2020 a kan abin da bai kai dala 5,000 ba. A 2024 an sayar da motocin lantarki, haɗe da masu haɗa baturi da mai, kimanin miliyan 17 a duniya, fiye da miliyan 11 daga ciki a ƙasar Sin. Gwamnati ta janye tallafin saye a ƙarshen 2022, kasuwar ba ta girgiza ba, domin ta riga ta tsaya da ƙafafunta.

A kwatanta wannan da Jamus, wadda ta soke tallafinta ba zato ba tsammani a Disamban 2023, cinikin motar lantarki ya ragu da fiye da rubu'i a shekarar da ta biyo. A Amurka ma rangwamen haraji na dala 7,500 ya ƙare a ƙarshen Satumban 2025 bayan canjin gwamnati. Mota iri ɗaya ce ake sayarwa a Oslo da Balin da Shikago, abin da ya bambanta shi ne tsayuwar hukuma a kan magana ɗaya.

A nahiyarmu, Habasha ce ta yi abin da ya ba duniya mamaki. A farkon 2024 ta hana shigo da ƙananan motoci masu shan fetur da gas, ta zama ƙasa ta farko da ta yi haka. Hujjarta a fili take: ba ta da mai, kuɗin ƙasashen waje da take da shi kaɗan ne, kuma sayen mai yana lashe biliyoyin daloli kowace shekara, ga shi ta gina babbar madatsa a kan kogin Nilu, wadda aka buɗe a Satumban 2025, mai iya ba da wuta sama da megawat 5,000. Duk da haka masu motar a can sun sha kuka da ƙarancin tashoshin caji a wajen Addis Ababa, da rashin makanikai da kayan gyara, kuma kusan rabin jama'ar ƙasar ba su da wuta a gidajensu. Doka ta yi gaba, hanya tana biye da ita a baya.

To, 'yan'uwa, ina muka tsaya mu? Abin da madatsar Habasha guda ɗaya za ta iya bayarwa ya kai abin da babban layin wutar ƙasarmu ke raba wa mutane sama da miliyan 200, wanda a mafi yawan lokuta yake tsakanin megawat 4,000 da 5,000. Ba mu manta da Oktoban 2024 ba, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, ɗaya layin da ya rage shi ma ya samu matsala, jihohin Arewa da dama suka shafe fiye da mako guda cikin duhu. Wanda ke da motar lantarki a Kano ko Gusau a waɗannan kwanaki, ko dai ya jingine ta, ko ya tayar da janareto.

Mu yi ɗan lissafi, domin a nan ne gizo ke saƙar. Matsakaiciyar motar lantarki takan ci kimanin yunit 18 na wuta a tafiyar kilomita 100. A farashin masu rukunin A na ƙarshen 2024, wajen naira 209 kowane yunit, kuɗin bai kai naira 4,000 ba. Motar fetur mai shan lita 8 a wannan tazara za ta ci naira 8,000. Riba a fili, in akwai wuta. Amma ƙaramin janareton fetur da wuya ya ba ka fiye da yunit 2 daga lita guda, ke nan sai ka ƙona lita 9 kafin ka samu abin da za ka yi tafiyar da lita 8 za ta kai ka. Ka sayi mota mai tsada domin ka rabu da gidan mai, ka koma kana zuwa gidan man da jarka.

Akwai hatsari na biyu, wanda ba mu cika jin ana zancensa ba. Mafi yawan motocin da ke kan titunanmu na hannu ne, 'yan Kwatano da 'yan Beljiyam. Yayin da ƙasashen Turai ke sauya motocinsu, tsofaffin nasu nan za su nufo, masu shan mai tukuna, daga baya kuma masu baturi. Garantin baturi a yawancin kamfanoni shekara 8 ne ko kilomita 160,000, watau daidai lokacin da mota ta saba kamo hanyar zuwa wurinmu. Baturi kuwa shi ne mafi tsadar abin da ke jikinta, kuma zafi maƙiyinsa ne. Tun a 2012 masu Nissan Leaf a jihar Arizona ta Amurka suka koka cewa baturansu na saurin tsufa, saboda ba a yi musu tsarin sanyaya da ruwa ba. Wanda ya san zafin Sakkwato da Maiduguri a watan Afrilu, lokacin da awo ke haura 40, ba ya bukatar dogon bayani. Tsohuwar motar fetur, makanikin unguwa zai saurari ƙararta ya gaya maka cutarta. Lafiyar baturi kuwa ba a jin ta da kunne, sai da na'ura da wanda ya iya karanta ta. In ba mu tanadi doka da ma'aikata ba, za mu wayi gari mun zama jujin matattun batura.

Na uku kuma shi ne abin da ke ƙarƙashin ƙasarmu. Kimanin kashi 70 cikin 100 na kobalt ɗin duniya daga Kwango yake fitowa, amma ba Kwango ke ƙera baturi ba. Mu ma an gano muna da litiyam a Nasarawa da Kwara da Kaduna da wasu wurare, har an buɗe masana'antar tace shi a jihar Nasarawa a watan Mayun 2024 da jarin 'yan ƙasar Sin. Zimbabwe ta hana fitar da ɗanyen dutsen nata tun Disamban 2022. Iyayenmu sun ga dalar gyaɗa a Kano da kuzar Jos sun bi jirgin ƙasa zuwa teku. Sun kuma ga kamfanin Peugeot ya buɗe a Kaduna a 1975, Fiat a Kano, Steyr a Bauchi, ana haɗa sassan da aka ƙero a waje, da kuɗin ƙasashen waje suka yi wuya sai yawancinsu suka durƙushe. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka shafa wa naka ruwa, balle kuma gemunka ne da kansa ya taɓa kamawa.

Shin muna cewa ne a yi watsi da motar lantarki? Ko kusa. Duniya ta riga ta karkata, kuma ƙasar da ke ci daga sayar da ɗanyen mai ba ta da damar rufe ido. Abin da muke cewa shi ne a shiga ta ƙofar da ta dace da mu, ƙofar kuwa ita ce sufurin jama'a. Adaidaita sahu ba ya zuwa Abuja, zirga-zirgarsa cikin gari ce, baturin irinsa na lantarki bai cika kai yunit 10 ba, alhali na babbar mota yakan kai 60. Faifan hasken rana mai wat 500 yakan ba da yunit 2 zuwa biyu da rabi a wuni a irin ranar da muke da ita a Arewa, ke nan faifai huɗu ko biyar sun isa cika keke, ita kuwa mota sai wajen ashirin da biyar. A Indiya, inda kekunanmu suke fitowa, fiye da rabin sababbin masu ƙafa uku da aka sayar a 2024 na lantarki ne. A Kigali 'yan acaɓa ba sa jiran caji, sukan shiga tasha su ajiye baturin da ya ƙare su ɗauki cikakke cikin 'yan mintoci. A nan gida ma, a Maiduguri, Mustapha Gajibo ya nuna cewa ana iya cire injin ƙaramar bas a sa mata baturi a caje ta da rana, kuma a Disamban 2023 gwamnatin Borno ta ƙaddamar da tasi masu lantarki a birnin. Hukumar kula da ƙera motoci ta ƙasa ta kafa tashar caji mai aiki da rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato tun 2021.

Jami'a kuwa ita ce wurin gwaji mafi dacewa, domin hanyoyinta sanannu ne, daga ƙofa zuwa ɗakunan kwana zuwa cikin gari, fasinja ba ya yankewa, ga filin kafa faifai, ga kuma masu ilmin da za su auna abin da ya faru. Saboda haka muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai da ta nemi hukumar jami'a ta kafa tashar musayar baturi mai aiki da rana, a fara da kekuna kaɗan tare da direbobin da ke aiki a harabar yanzu, ba tare da an kore su an kawo wasu ba. A riƙa rubuta kuɗin da aka kashe da wanda aka samu, da yadda baturi ke tsufa a bazara da hunturu, a buga shi kowa ya gani. Muna kira ga sashen injiniya da ya sa gyaran baturi da auna lafiyarsa cikin manhaja, ya kuma buɗe ƙofa ga makanikan gari su zo su koya a lokacin hutu. 'Yan'uwanmu na sashen shari'a da na tattalin arziki su ma suna da aiki, su tsara mana irin dokar da za ta tilasta a nuna shaidar lafiyar baturi kafin mota ta shigo ƙasa, da wadda za ta tabbatar litiyam ɗinmu bai fita a ɗanye ba.

Da yawa daga cikinmu nan da shekara goma ko sha biyar za su zauna a ofisoshin da ake sa hannu a kan irin waɗannan al'amura, kuma dillalai za su zo da mota mai sheƙi su ce ranka ya daɗe, ga makulli, ɗana ka ji. A ɗana, babu laifi. Amma bayan an sauko, a tambaye su inda wutar za ta fito, da wanda zai gyara ta a Funtuwa ko Azare, da inda baturin zai je ranar da ya mutu. Norwe ta shafe shekara talatin tana amsa irin waɗannan tambayoyi, Sin ta shafe goma sha biyar. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma tafiyar ta matso.